Tayar kowane yanayi a zafin Sakkwato: wacce zan saya idan kuɗi sun yi kaɗan?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da Corolla ƙirar 2007, lambar tayarta 195/65 R15. Cikin garin Sakkwato nike aiki, amma kusan kowane ƙarshen mako ina zuwa Tambuwal gaida tsofaffi, wani lokaci har Gusau. Tayoyin gaba sun suɗe, na baya da sauran zane sai dai sun fara tsattsagewa a gefe. Na karanta a intanet cewa wadda ake kira all-season ita ta fi, don tana yin kowane yanayi. A kasuwa an nuna mani kashi uku: Michelin 'yar gwanjo mai zane sosai, da sabuwa 'yar China mai sauƙin kuɗi, da wata sabuwa mai tsada wadda guda biyu kaɗai zan iya saye. Mi ya kamata in yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri kan ziyarar iyaye, ya kuma ci gaba da tsare hanya. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko, ko wannan rubutu na all-season yana da wani amfani ga mai tuƙi a Sakkwato. Ta biyu, tunda kuɗin ba su kai sabbi huɗu masu tsada ba, a ina ya fi dacewa a zuba su. Shawarata tun daga farko ita ce ka sayi sabbi huɗu masu sauƙi ko matsakaicin kuɗi, waɗanda ba su daɗe da fitowa daga kamfani ba, masu jure zafi, ka bar gwanjon nan komai kyan zanenta. Amma sai ka san abin da za ka duba, domin a cikin masu sauƙin ma akwai na kirki akwai na banza.

Yanayin wa ake nufi?

Masu yin taya sun kasa tayoyin ƙananan motoci gida uku ne saboda ƙasashen da ƙanƙara ke sauka. Akwai ta lokacin zafi, robarta da ɗan tauri, tana kama kwalta da kyau a rana da kuma cikin ruwan sama, amma da sanyi ya sauko ƙasa da digiri 7 sai ta fara sandarewa, kamunta ya ragu. Akwai ta lokacin ƙanƙara, robarta laushi gare ta ƙwarai, don kada ta daskare. Sai ta tsakiya, wato all-season, wadda aka yi wa mutumin Amurka ko Jamus da ba ya son canza taya sau biyu a shekara. Ta ɗan taɓa nan, ta ɗan taɓa can.

Mu a nan, ko a tsakiyar hunturu, Disamba da Janairu, sanyin asuba ba ya kai inda ruwa ke daskarewa, kuma kafin hantsi ya dubi ludayi kwalta ta ɗumama. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi na haura digiri 40, kwaltar da taya ke takawa ta fi iskar da kake ji zafi nesa ba kusa ba. Damina daga Yuni zuwa Satumba ce, ruwan kuma mai ɗumi ne. Ke nan tayar da Bature ke kira ta lokacin zafi, ita ce tamu ta duk shekara. Idan ka samu all-season mai kyau a kan kuɗin da ya yi maka, ba laifi, da yawa daga cikinsu suna daɗewa ba su suɗe ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ƙara ko naira ɗaya saboda wannan rubutun.

Inda haɗarin yake shi ne tayar ƙanƙara, kuma ana samun ta a cikin tarin gwanjon da ake shigowa da shi daga Turai. Zanenta zurfi gare shi, ga laushi in ka danna da yatsa, shi ya sa take ruɗar mai saye. Za ka gane ta da ƙananan tsage masu lanƙwasa da suka cika fuskarta kamar an bi ta da reza, da hoton dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa a gefen tayar, da sunaye irin su Winter, Snow, Ice, Alpin, Blizzak, Ultra Grip ko Studless. A kan kwaltarmu wannan roba tana yin laushi fiye da kima, birki ya yi nisa kafin mota ta tsaya, sitiyari ya riƙa yawo a kwana, zanen kuma ya cinye cikin ɗan lokaci. Haruffan M+S su kaɗai ba su nuna tayar ƙanƙara ce, domin yawancin all-season na Amurka suna ɗauke da su. Wasu all-season na Turai ma suna da hoton dutsen nan. Amma idan ka ga hoton dutse a kan gwanjo, ga tsage rututu, ka ajiye ta.

Ya kamata ka san abin da ke kashe taya a hanya, don sauran bayanin duk a kansa ya rataya. Kewayen tayarka kusan mita 2 ne, saboda haka tana juyawa kusan sau 500 a kowace kilomita. A gudun kilomita 100 a awa, sau 14 ke nan a daƙiƙa guda. A kowane juyi gefenta na lanƙwashewa ya miƙe, kuma wannan lanƙwasar ce ke haifar da zafi a cikin jikinta, ban da wanda kwalta ke ba ta. A ƙarƙashin zanen akwai shimfiɗar waya da zare da aka manne da roba. Idan zafi ya yi yawa, ko robar ta tsufa ta bushe, mannen sai ya saki, waya ta rabu da roba. Daga nan ne ake ganin kumburi, ko mota ta fara rawa, ko fuskar tayar ta ɓare gaba ɗaya ana cikin gudu. Abu huɗu ke kawo haka: tsufa, ƙarancin iska, lodi fiye da ƙima, da gudu a tsakar rana. Sunan kamfani ba ya hana ko ɗaya daga ciki.

Abin da ke rubuce a gefen taya

Kafin ka fita kasuwa, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar. A nan kamfanin mota ya rubuta girman tayar da ta dace da kuma awon iskarta. Kada ka dogara da lambar tayar da ke kan motar yanzu, wataƙila wanda ya riƙe ta kafin kai ya canza.

A lambar 195/65 R15, 195 faɗin taya ne a milimita, 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin 100 na faɗin, 15 kuma girman rim ne a inci. Bayan su akwai wata lamba da harafi da mutane ba su cika kulawa da su ba, misali 91H. Lamba 91 tana nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 615. Da 88 ce, kilo 560. 95 kuwa kilo 690. Harafin iyakar gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Na san ba za ka yi wannan gudun ba, amma taya mai H an gina ta ta jure zafi fiye da mai T, shi ya sa na fi son H ga mai hawa doguwar hanya a nan. Kada ka sauka ƙasa da lambar lodin da ke kan takardar ƙofarka. Idan kakan dawo daga Tambuwal da buhun gero ko albasa a but ga iyali cike da mota, nemi mai alamar XL, wato mai ɗaukar ƙarin lodi, wadda a wannan girman lambar lodinta yawanci 95 ce.

Wasu za su ce ka sa 205/65 R15 don mota ta ƙara tashi. Za ta hau rim ɗin, kuma bambancin tsayinta kusan kashi 2 cikin 100 ne, yana cikin abin da ake lamunta. Sai dai tashin da motar za ta yi bai kai milimita 7 ba, ga ƙarin kuɗi, allurar gudu kuma za ta riƙa nuna ƙasa da abin da kake yi. Ban ga ribar ba. Wanda ya fi muni shi ne sa babban rim da siririyar taya don ado. Ramin hanya guda ya isa ya tsinka zaren gefenta ya lanƙwasa rim.

Abu mafi muhimmanci shi ne ranar haihuwar tayar. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi haruffan har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu, galibi a cikin ɗan kewaye mai siffar ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 1824 na nufin mako na 18 a 2024, wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu. Sau da yawa a gefe ɗaya kaɗai ake buga su, in ba ka gani ba ka juya ta. Lambar mako ba ta wuce 53. Shafa wurin da yatsa: in ka ji an kankare, ko ya fi sauran jikin santsi, ko lambobin sun karkace, an taɓa shi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gaya wa direbobi cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar da aka yi ta. Kamfanoni irin su Michelin suna cewa a riƙa duba ta duk shekara bayan ta cika 5, kada kuma ta wuce 10 ko da ba ta suɗe ba. Lissafin kamfanonin na duniya baki ɗaya ne. Motar da ke wuni a ranar Sakkwato robarta ta fi saurin bushewa, don haka ni na fi karkata ga na FRSC. Idan za ka sayi sabuwa, nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba, in ta matsa ɗaya da rabi. Tayar da ta shekara uku a shago ba sabuwa ba ce ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba, kuma ledar da aka naɗe ta da ita ba shaida ba ce.

Sai wasu kalmomi uku da ake bugawa da ƙananan haruffa kusa da zane: Treadwear, Traction, Temperature. Ma'aunin gwamnatin Amurka ne, amma yawancin tayoyin da ke zuwa mana suna da shi. Temperature shi ne jure zafi, A ko B ko C. Kai A za ka nema. B ana iya haƙuri da ita ga motar da ba ta fita gari, C kuwa kada ka ɗauka ko kyauta ce. Traction kamun birki ne a jiƙaƙƙiyar hanya, AA ko A ko B ko C, kuma A ta wadatar. Treadwear lamba ce da ke nuna daɗewar zane, tsakanin 300 da 500 ya yi daidai. Kada ka ɗauki wannan lambar da zafi wajen gwada kamfani da kamfani, domin kowa shi ke auna tasa, ta fi amfani wajen gwada taya biyu na kamfani ɗaya. Ka lura kuma, tayar ƙanƙara yawanci ba ta ɗauke da waɗannan kalmomi uku, wannan ma wata hanya ce ta gane ta.

Maganar gwanjo

Na san abin da ke jan mutane. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina yin taya a Legas a 2008, kusan duk tayar ƙaramar mota daga waje take zuwa, farashinta na bin dala. Mai albashi idan ya ga babban suna a kan rabin kuɗi dole ransa ya biya. Amma mu yi lissafi. Sabuwar taya tana zuwa da zurfin zane kusan milimita 8. Iyakar da ake cire ta 1.6 ne, kuma akwai 'yan tudu a cikin kwarin zanen da ke nuna wannan iyakar. Ke nan abin da za ka mora a sabuwa kusan milimita 6.4 ne. Gwanjo mai milimita 4, wadda a ido za ka ce lafiyayya ce, 2.4 kaɗai ya rage mata, kaɗan ya ɗara kashi ɗaya cikin uku. In ka biya rabin kuɗin sabuwa, ka sayi kowace kilomita da tsada fiye da wanda ya sayi sabuwa, ban da kuɗin cirewa da ɗaurawa da za ka sake biya nan kusa. Kana iya aunawa da kanka: soka tsinken ashana a kwarin zanen, riƙe iyakar da farce, ka ɗora a kan rular ɗan makaranta. Auna wuri uku, gefen waje da tsakiya da gefen ciki.

Wannan lissafin kuɗi ne kawai. Abin da ya fi damuna shi ne ba ka san tarihinta ba. A wurin aiki, idan muka cire irin waɗannan tayoyi muka leƙa ciki, mukan tarar da faci a gefe, inda bai halatta a yi faci ba, ko garin baƙar roba da tattarewar fatar ciki, alamar an taɓa tafiya da ita babu iska har zarenta ya ƙone. Daga waje ba za ka ga komai ba, an wanke ta an shafa mata baƙin mai tana ƙyalli. Akwai kuma waɗanda ake sake sassaƙa wa zane da wuƙa mai zafi. Su za ka ga kwarin ba daidai yake ba, 'yan tudun nan sun ɓace, wani wurin har waya na leƙowa. Dokar shigo da kaya ta Najeriya ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, saboda haka ta ɓarauniyar hanya suke zuwa, ana cusa uku ko huɗu a cikin guda. Cusawar nan da zarowar na lanƙwasa wayar bakin taya, wadda ke kama rim. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama har sabbin tayoyi da aka cusa haka don rage kuɗin kwantena, don haka ko sabuwa ce ka ajiye ta a ƙasa ka dubi bakinta. Ya zama zagaye sumul, babu lotsawa, babu tsaga, gefen biyu kuma ba su manne da juna ba.

Idan larura ta sa dole sai gwanjo, to ta zama ba ta kai shekara 3 ba, ba ta ƙanƙara ba ce, zanenta ya kai milimita 5, babu faci a gefe, kuma ka duba cikinta da tocila kafin a ɗaura. Mai cika waɗannan sharuɗɗa ba ta da yawa, kuma in an same ta kuɗinta ya kusa na sabuwa mai sauƙi.

Biyu masu tsada ko huɗu masu sauƙi

Amsar tana wurin tayoyinka na baya. Ka ce suna da zane amma gefensu ya tsattsage. Duba lambar DOT ɗinsu. Idan sun haura shekara 4 zuwa 5, ko tsagar ta yi zurfin da farce ke shiga, ko ta bi cikin kwarin zane, sun gama aiki. Sayen Bridgestone ko Michelin biyu a bar waɗannan a mota bai rage maka haɗarin hanyar Gusau ba, domin wadda za ta fashe tana nan. A wannan hali huɗu masu sauƙi sun fi.

Kasuwar hawa uku ce. A sama akwai Michelin, Bridgestone, Continental, Goodyear, Pirelli da Dunlop. A tsakiya akwai Hankook, Kumho da Nexen na Koriya ta Kudu, Maxxis ta Taiwan, GT Radial ta Indonesiya. Sai manyan sunayen China da aka daɗe ana sayarwa a duniya, irin su Westlake, Goodride, Triangle, Linglong da Sailun. Ga Corolla da ke zirga-zirga tsakanin Sakkwato da Tambuwal, hawa na tsakiya shi ne inda kuɗi ke biyan kansu. In bai samu ba, na ƙasan ma za su yi aiki muddin sun cika sharuɗɗan da na faɗa: girma daidai, 91H ko sama, Temperature A, ba su wuce shekara ɗaya ba. Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce, masu sauƙin nan galibi birkinsu a cikin ruwa bai kai na masu tsada ba, sun fi ƙara, sun kuma fi saurin suɗewa. Maganin wannan a hannunka yake: rage gudu da damina, ka bar tazara. Abin da nake gudu shi ne taya marar asali, mai sunan da aka kwaikwayi na babban kamfani aka canza harafi ɗaya, rubutun jikinta a dagule, babu cikakkiyar lambar DOT, ba a ma faɗi ƙasar da aka yi ta ba. Ka sa sunan a wayarka ka bincika kana tsaye a shagon. In kamfanin ba shi da ko shafi, ka wuce.

Idan kuwa ka duba ka ga na bayan ba su kai shekara 4 ba, tsagar kuma ta sama-sama ce, kana iya sayen biyu yanzu, biyu bayan wata uku ko huɗu. A nan sai ka yi abin da yawancin masu faci za su yi maka gardama a kai: sabbin a baya za a sa su, tsofaffin su dawo gaba. Hujjarsu ita ce Corolla da gaba take ja, nan injin yake, nan sitiyari yake. Haka ne. Amma idan tayar gaba ta zame ko ta sace, kana jin abin a hannunka, kana da sitiyarin da za ka gyara. Idan ta baya ce ta zame a kwana ko a cikin ruwa, bayan motar ne ke juyowa, kuma direbobi kaɗan ne ke iya dawo da ita. Kamfanonin taya da kansu haka suke ba da shawara. Kada kuma ka haɗa iri biyu a layi ɗaya: na gaba biyu su zama iri ɗaya, na baya biyu iri ɗaya. Zancen farashi kuwa, yana motsi da dala har a cikin wata guda, don haka ka taya a shago uku, ka sa kuɗin ɗaurawa da bawul da balansin da alaimen a cikin lissafinka tun kafin ka yanke. Ka nemi a ɗauko maka daga cikin sito, ba wadda ke jingine a rana a bakin titi ba, ka karɓi rasit da aka rubuta lambar DOT a kai.

Ranar ɗaurawa da bayanta

Kafin a jefar da tsofaffin na gaba, karanta yadda suka ci, don su ne za su gaya maka ciwon motar. In tsakiya ta fi cinyewa, iska na yin yawa. In gefe biyu ne, iska na yin kaɗan. In gefe ɗaya ne kawai, alaimen ya goce, ko tayarod ko boljoyin ko bushin sun saki. In cin ya yi tudu da kwari, shokozoba ta mutu. Duk wanda ka gani a gyara shi kafin alaimen, in ba haka ba sabuwar taya za ta bi sawun tsohuwa cikin 'yan watanni. Alaimen a kan boljoyin mai girgiɗi asarar kuɗi ne.

A canza bawul huɗun duka, kuɗinsu kaɗan ne, kuma tsohon bawul shi ke sace iska a hankali. A goge tsatsar bakin rim. A shafa ruwan sabulu wajen sa taya, kada a sa baƙin mai ko fetur, suna cin roba. Idan wurin da ke da injin cire taya na kusa, ya fi dukan guduma da ƙarfe. Duba ko tayar na da kibiya da kalmar Rotation, ko an rubuta Outside a gefe ɗaya, a ɗaura ta yadda aka nuna. Kada ka yarda a sa tiyub a cikin tubules, wato tayar da aka yi ta ta riƙe iska ba tare da tiyub ba, gogayyarsu na ƙara zafi, kuma in ƙusa ta shiga iskar fita take lokaci guda. Notin wili a ɗaure su a gicciye, ɗaya sannan na daura da shi, ba tare da an hau kan sifana da ƙafa ba. Na Corolla awonsa 103 Nm ne ga mai sifanar awo. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake taɓa su.

Sai iska, wadda ita ce rabin rayuwar taya kuma kyauta take. Takardar ƙofarka za ta nuna wajen 30 zuwa 32 a ma'aunin iska da ake kira psi. Lamba 44 ko 51 da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba abin da za a sa ba, amma masu faci da yawa 40 ko 45 suke bugawa kowace mota, gejinsu ma ya sha faɗuwa. Sayi naka gejin ka ajiye a mota. Auna da safe kafin ka tashi, duk mako biyu da kuma kafin kowace tafiya, domin lafiyayyar taya ma tana rage psi 1 zuwa 2 a wata. Akwai wata al'ada da nake roƙonka ka bari in kana yi: rage iska da bazara wai don kada taya ta fashe. Akasin haka ne ke faruwa. Taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwashewa, ta fi yin zafi, ita ce ke fashewa. In ka tsaya a Shagari ko Talata Mafara ka auna ka ga ta hau da psi 4 ko 5, daidai ne, an yi ta da sanin haka, kada ka sace ko kaɗan. Kada kuma a watsa mata ruwa, ka bar ta ta huce a inuwa. Da hunturu iskar kan sauka da kusan psi 1 a duk raguwar digiri 5 zuwa 6, sai ka ƙara. Ranar da za ka yi lodi, ƙara wa na baya psi 2 ko 3.

Duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 a juya su, na gaba su koma baya, tunda na gaba sun fi saurin ci. Mai sauƙin tunawa shi ne duk juyen mai na biyu. Hujin ƙusa ko ƙaya a fuskar taya, in bai wuce milimita 6 ba, yana gyaruwa, kuma facin da ake cire taya a manna daga ciki ya fi igiyar da ake cusawa daga waje, ita ta kai ka gida ce kawai. Huji ko kumburi a gefe ba shi da gyara. Zanen kuma kada ka jira sai ya kai 1.6 in damina ta gabato, daga milimita 3 taya ta fara kasa korar ruwa.

Ban ga tayoyinka na baya da idona ba, kuma hoto ba ya nuna cikin taya, saboda haka ka sa a cire ɗaya a leƙa kafin ka yanke tsakanin biyu da huɗu. A wannan zaman ka fito da safaya ma. Sau da yawa ita ce mafi tsufa a motar, tana kwance a but babu iska. In 'yar siririyar nan ce, psi 60 take so, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita. In cikakkiya ce kuma ta tsufa, zaɓi wadda ta fi lafiya cikin waɗanda aka cire ta maye gurbinta kafin ka samu halin sayen ta biyar.